Tambaya da Amsa: Sirrin Masu Shiga Shafinka

Tambaya: Malam, ina gina shafin intanet inda mutane za su yi rajista, su sa hotuna, su aika wa juna saƙo. Yaya zan kare sirrinsu?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka nemi bayanin da ba ka buƙata, kuma ka sarrafa kalmar sirri da bcrypt (wata hanyar rikita kalmar sirri) kafin ajiyewa, ta yadda ko kai ba za ka iya karanta ta ba. Abin da ya fi damuna shi ne hotuna, domin wayoyi sukan liƙa musu bayanin wurin da aka ɗauke su, wanda zai iya nuna gidan mutum. Lallai shafinka ya riƙa goge shi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin neman a share bayanansa, saboda haka ka tanadi hanyar yin hakan.