Amsa: Ruwan sama na jiƙa kafet ɗin gaba a mota

Ɗan'uwa, tunda ka ce sai an yi ruwan sama kafet ɗin gefen fasinja ke jiƙewa, fara da magudanar da ke ƙasan gilashin gaba, wajen waifa. Ganye da ƙasa kan toshe ramukanta, ruwa ya taru ya malala ciki ta inda iskar AC ke shiga. Ɗaga bonet, cire murfin robar da ke rufe magudanar, ka kwashe dattin.

In bai daina ba, cire kafet, ka zauna ciki da tocila, wani ya riƙa zuba ruwa da tiyo a hankali. Ya fara daga ƙasa ya yi sama, minti 5 a kowane wuri, domin in ya fara daga rufi ba za ka gane ainihin kafar da ruwan ke shiga ba. Lura da robar ƙofa da ledar da ke bayan bangon ƙofa.

Don Allah kada ka shafa silikon a gilashi. Wani irinsa yana jawo tsatsa, kuma gam ɗin polyurethane, wanda ake manna gilashin mota da shi, ba ya kamawa a kansa. A ƙarshe busar da soson ƙarƙashin kafet sosai, don wayoyin lantarki na bi ta nan.