Filin Tambaya da Amsa: Kuka a Jirgin Sama, Wasannin Sin da Labaran Tsira da Rai

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowa, daga Duwala da Kuseri da Marwa a ƙasar Kamaru, kuma kamar yadda aka saba mun sakaya sunayen masu su.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Malama. Ni 'yar Garwa ce, amma aure ya kai ni Duwala. A watan Afrilu mahaifina ya rasu, na je gida, kuma har aka share makoki ban zubar da hawaye ba, ni ce ma mai ba ƙannena haƙuri. Ranar komawa, da jirgi ya ɗaga na leƙa ta taga na hangi kogin Binuwai da gadarsa, sai kuka ya ƙwace mini, har matar da ke kusa da ni ta riƙe hannuna. Can kuma jirgin ya shiga jijjiga, tsoro ya kama ni, kunnuwana suka toshe. Tun daga ranar nake jin kunyar kaina. Shin wannan ba raunin imani ba ne, a ce na yi kuka bayan an tashi daga makoki, kuma na ji tsoron mutuwa alhali na san kowa da ranarsa?

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ki cire kunyar nan daga ranki, domin hawaye ba shaidar raunin imani ba ne. Ya tabbata a cikin Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganar da ke nuna ƙin hukuncin Allah, kuma ban ga ko ɗaya daga ciki a wasiƙarki ba.

Dalilin da ya sa kukan ya jira sai a jirgi ba boyayye ba ne ga wanda ya san gidan makoki. Babbar 'ya ba ta da lokacin kanta a can: ga masu gaisuwa suna shigowa rukuni-rukuni, ga tukunya a kan wuta, ga tabarmi da za a shimfiɗa, ga ƙanne suna satar kallon fuskarta su ga ko za ta karaya. Kujerar jirgi ce wuri na farko da kika zauna babu mai jiran komai daga gare ki, waya a kashe, babu mai sallama, babu abin da hannunki zai kama. Da ta ƙasa kika bi, wato mota zuwa Ngaundere, sannan ki kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde kafin ki kama hanyar Duwala, da rabuwar ta zo miki kaɗan-kaɗan, gari bayan gari. Jirgin sama ba ya ba zuciya wannan sarari, domin cikin 'yan mintuna garin da aka haife ki, da maƙabartar da aka kwantar da mahaifinki, sun koma ƙasa sun ƙanƙance har sun ɓace wa ido.

Jiki ma yana da nasa rabon. Jirgi yana tafiya ne a nisan kimanin mita 10,000 daga ƙasa, iskar da ke cikinsa kuwa an daidaita ta ne daidai da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, wanda ya fi tudun Ngaundere nesa ba kusa ba, ga ta busasshiya ƙwarai. Mutumin da ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba, bai ci ya ƙoshi ba, idan ya shiga irin wannan iska juriyarsa takan ragu. Toshewar kunne kuma daga sauyin nauyin iska take, musamman lokacin sauka, maganinta shi ne haɗiyar yawu ko hamma ko tauna cingam, jariri kuma a ba shi nono. Mai mura ya fi shan wahalarta.

Ita kuwa jijjiga, a watan Afrilu ƙasarmu ta arewa tana ɗaukar zafi, iska mai zafi tana tashi sama ba bisa tsari ba, shi ya sa jirgin rana ya fi na safe girgiza. An ƙera jiragen ne domin su jure fiye da haka, kuma mafi yawan waɗanda jijjiga take ji wa ciwo su ne waɗanda ba su ɗaura bel ba. Ba zan ce tsoronki ba shi da tushe ba, tun da mutanen Duwala ba su manta da jirgin Kenya da ya faɗi a Mbanga Pongo a watan Mayun 2007 da mutum 114 ba, amma bincike ya danganta wannan hatsari da rikicewar matuƙa, ba da irin girgizar da kika ji ba. Nan gaba ki nemi jirgin safe da kujerar da ke daidai fiffike, ki sha ruwa sosai, ki karanta addu'ar hawa abin hawa da ke aya ta 13 da ta 14 a Suratuz Zukhruf. Idan kuwa kuka da rashin barci suka ɗauki watanni suna hana ki harkokinki, kada ki ɓoye wa maigidanki, kuma ki ga likita.

Tambaya ta biyu

Malama, ni matashiya ce mai aure a Kuseri. Na taso da finafinan Kano da na Indiya, amma yanzu babu abin da nake so kamar wasannin kwaikwayon ƙasar Sin, musamman na fadar sarakunan da. Uwar mijina tana cewa na bar namu na koma kallon mutanen da ba na jin yarensu, maigidana kuma yana ƙorafin kuɗin data. Ni kaina na rasa abin da ya ja ni. Akwai laifi a ciki?

Amsa

Ɗiyata, ina jin abin da ya ja ki shi ne kin ga duniyar da kika sani cikin tufafin da ba ki sani ba. Da yawa daga cikin wasannin fada an gina su ne a kan zamanin daular Qing, wadda ta yi mulki daga 1644 zuwa 1912, da fadarta a birnin Beijing. Abin da ke gudana a cikinsu kuwa shi ne uwargida da amare, kishiya mai murmushi a fili da ƙulli a zuci, uwar sarki wadda maganarta ta fi ta kowa, 'ya'ya masu durƙusawa su gaida iyaye, da masoya biyu da za su kai ƙarshen labari da kyar suka haɗa ido. Wanda ya taɓa ganin yadda ake cire takalmi a faɗi gaisuwa a fadar Lamiɗo ba ya bukatar tafinta kafin ya gane waye babba a wurin. Wannan kunya da kawaici su ne, a ganina, suka sa wasannin suka samu karɓuwa a ɗakunan matanmu, domin mace tana iya kallon yawancinsu suruka na zaune ba ta nemi sauya tasha ba.

Amma ki sani ba haka kawai suka iso gare ki ba. Gidan rediyon Sin ya fara watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, kamfanin StarTimes yana fassara wasanninsu zuwa harsunan Afirka, kuma ƙasar tana kashe kuɗi domin a san ta a so ta. Wannan ba laifi ba ne, sai dai mai kallo ya riƙa tuna cewa fadar da yake gani sau da yawa gini ne da aka yi domin ɗaukar fim, irin na garin Hengdian, kuma tarihin da ke ciki an yi masa kwaskwarima. Akwai kuma wurare na bauta wa kakanni da labaran masu rai madawwami, waɗanda za ki kalla a matsayin almarar wasu mutane, ki kuma yi wa yara bayani idan suna wurin.

Ƙorafin maigidanki kuwa yana da ƙamshin gaskiya. Wasa ɗaya yakan kai kashi 40, kowane kashi kusan minti 45, wato awa talatin ke nan. Waɗanda na fi jiye miki su ne gajerun nan na waya masu minti ɗaya ko biyu, da ake ba ka na farko kyauta, sai labari ya yi daɗi a ce sai ka biya. Ku yanke abin da za a kashe a wata, ki sauke kashi biyu ko uku ki kalla bayan kin gama hidimar gida. Ita kuma Inna, ki zaɓi wanda aka fassara da Hausa ku kalla tare, ki bar ta ta yanke wa uwar sarki hukunci da kanta.

Tambaya ta uku

Malama, ɗana mai shekara 16 yana lise, wato babbar sakandare, a Marwa. Na gano yana kwana karanta labarai a waya da Faransanci, inda ake kulle mutane a sa su gasa, wanda ya faɗi a kashe shi, sai mutum ɗaya ya rage. Yana kuma buga Free Fire, wasan harbe-harbe na waya, da abokansa. Mu da muka ga abin da bama-bamai suka yi a garin nan a watan Yulin 2015, zuciyata ba ta yarda da yaro ya mai da mutuwa abin nishaɗi ba. In ƙwace wayar?

Amsa

Alhaji, damuwarka ta uba ce, kuma wanda ya ga abin da ka gani yana da hakkin ya ƙi jinin irin wannan. Amma kada ka fara da ƙwace waya, domin zai karanta a wayar aboki, kai kuma ka rasa sanin abin da yake karantawa. Irin waɗannan labarai sun daɗe a Japan da Amurka, sannan suka game duniya a 2021 da wasan Koriya ta Kudu mai suna Squid Game, inda mutum 456 da bashi ya yi wa katutu suka sayar da rayukansu saboda kuɗi. Rubutattun labaran kuma da yawa marubutan intanet na ƙasar Sin ne ke fitar da su babi-babi kusan kullum, ana biyansu gwargwadon masu karatu, shi ya sa kowane babi yake tsayawa a daidai inda yaro ba zai iya ajiye waya ba.

Ban yarda cewa jini ne ke jan yawancin matasa ba. Yaron da ke ganin jarrabawar bak ta kammala sakandare a gabansa, yana kuma ganin yayyensa sun rubuta gasar neman aiki shekara da shekaru ba a ɗauke su ba, ya riga ya san ma'anar mutane da yawa a ƙofa ɗaya, kuma labarin yana ba shi gwarzo mai tsallakewa da basira. Masu kyau daga cikin labaran tambayarsu ɗaya ce, wato ko mutum zai ci amanar abokinsa domin ya tsira, kuma wannan tambaya ce da ta cancanci uba da ɗa su zauna a kanta. Marasa kyau kuwa suna koyar da cewa tausayi wauta ne, kuma su ne abin gudu, tare da na bidiyo masu nuna kisa ƙarara, waɗanda tun asali manya aka yi wa su.

Ka kira shi bayan sallar isha'i, ba gaban ƙannensa ba, ka ce ya ba ka labarin da yake karantawa, ka tambaye shi wa ya fi burge shi a ciki da dalili. Amsarsa za ta nuna maka wane iri yake bi. Daga nan ka sa doka a kan lokaci: waya ta kwana a ɗakinka daga ƙarfe goma na dare, wasan Free Fire kuma sai ƙarshen mako, kuma ba da kuɗin makaranta ba. Idan ka ga makinsa na sauka, ko yana firgita cikin barci, ko ya daina shiga mutane, to ka karɓi wayar na wani lokaci, ka je ka ga malaman ajinsa, idan firgitar ta ci gaba kuma ka kai shi asibiti.