Shin Zink Yana Kare Mutum Daga Ciwon Dajin Babban Hanji?

Malama, kin ce ciwon dajin babban hanji ne ya yi ajalin mahaifinki, kuma an ba ki shawarar shan ƙwayar zink don kariya. Allah Ya jiƙan baba.

Gaskiya zink, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, yana da muhimmanci. Akwai furotin mai suna p53 da ke gadin ƙwayoyin jiki. Idan ƙwaya ta lalace, shi ke hana ta hayayyafa ko ya sa ta mutu. Wannan furotin ba ya riƙe siffarsa sai da zink, kuma ƙarancin zink yana raunana gyaran DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki. A ɗakin gwaji an ga zink yana kashe ƙwayoyin dajin hanji, amma abin da ya faru a farantin gwaji daban, jikin mutum daban. Ba a tabbatar cewa ƙwayar zink tana hana wannan ciwo ba.

Mace tana buƙatar miligiram 8 na zink a rana, namiji 11. Wuce 40 kullum yana hana jiki shan sinadarin tagulla, har ya jawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Nama, hanta, wake, gyaɗa da riɗi sun wadatar. Jiƙa hatsi ko tsima shi, kamar na koko, yana taimaka wa jiki ya amfana.

Abin da ya fi damuna shi ne tarihin gidanku. Ki ga likita a duba hanjinki da na'ura, tun kafin shekara 45 ma. Jini a bayan gida kada a ce basir ne kawai.