Tsohuwar laftof za ta iya riƙe mana sabar wasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu takwas ne, mun shafe kusan shekara biyu muna gine-gine tare a wani wasan intanet, a sabar wani mutum, wato kwamfutar da ke riƙe wasan da muke shiga ta intanet. Rana ɗaya ya rufe ta, duk abin da muka gina ya bi ruwa. Yanzu muna so mu kafa tamu da manhajar da tushenta yake a buɗe, wadda ba mai rufe mana. Ina da tsohuwar laftof mai RAM gigabayit 4. Za ta iya? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ta iya, har da rara, muddin ka zaɓi wasan da ya dace da ita. Wanda zan nuna maka shi ne Luanti, da aka sani da Minetest kafin a sauya masa suna a 2024. Perttu Ahola, ɗan ƙasar Finlan, ya fara rubuta shi a 2010, kuma lasisinsa na LGPL ya ba kowa damar dubawa da gyarawa da rabawa. Babu rajista da wani kamfani: suna da kalmar sirrin kowane ɗan wasa a cikin kwamfutarka za su zauna. Yana aiki a Windows da Linux da macOS da wayoyin Android.

Ka sani tun yanzu, Luanti inji ne kawai, wasan daban ake ɗora masa. Tun daga siga ta 5.8 ba ya zuwa da wasa a ciki, sai ka sauko da ɗaya daga rumbunsu mai suna ContentDB. Minetest Game ba nauyi, amma kusan fayau yake, ba dabbobi ba dodanni sai ka ƙara da kanka. Mineclonia da VoxeLibre sun fi kama da Minecraft, sai dai sun fi cin ƙarfin kwamfuta. Ga mutum takwas a gigabayit 4, kowanne zai tafi, in dai laftof ɗin ba ta wani aiki a gefe.

Don haka ka share ta ka sa Debian ko Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, ba tare da fuskar tebur mai hotuna da tagogi ba, ka haɗa ta da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ta waya, kada ka dogara da wayfai. Akwai abu biyu da ke kayar da mutane a nan. Na farko, rumbun manhajar Debian kan makara: Debian 12 na ɗauke da siga ta 5.6.1 a ƙarƙashin tsohon sunan, alhali sabbin fitowar Mineclonia na neman inji sabo, sai wasan ya ƙi tashi. Ka duba sigar da wasan ke buƙata a shafinsa kafin ka girka komai. Na biyu, da ka rufe murfin laftof sai ta yi barci, kowa ya fita daga wasa. Ka buɗe fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf, ka rubuta HandleLidSwitch=ignore, ka sake kunna ta. Batirinta kuwa, in yana da sauran rai, alheri ne babba, domin ɗaukewar wuta a lokacin da sabar ke rubutu na iya lalata taswira.

Fayil ɗin saituna har yau sunansa minetest.conf. Layuka huɗu sun ishe ka farawa: name = sunan da za ka shiga da shi, disallow_empty_password = true, default_privs = shout, sai enable_rollback_recording = true. Layin farko shi ke naɗa mai gida, kuma akwai tarko a cikinsa: duk wanda ya fara shiga da wannan suna ya sa kalmar sirri, shi ya zama mai iko da komai. Kai ne za ka fara shiga, kafin ka ba kowa adireshi. Layi na uku yana nufin baƙo na iya magana amma ba zai taɓa ko bulo ɗaya ba sai ka buga /grant da sunansa da kalmar interact. Na huɗu yana ajiye tarihin wanda ya cire me a ina, ta yadda in wani ya yi ɓarna, umarnin /rollback zai mayar da abin yadda yake. Ka ƙara da mod ɗin areas, wanda ake killace filaye da shi. Mod ƙaramin ƙari ne da ake ɗora wa wasa don ya samu sabon abu. Abin daɗi shi ne a sabar kaɗai ake saka mod. Abokanka ba sa girka komai, da sun shigo wasan ke sauko musu da hotuna da sautuka.

Inda aikin yake da gaske shi ne yadda na waje za su iso gare ka. Luanti na saurare a ƙofa mai lamba 30000, ta hanyar UDP, ɗaya daga hanyoyi biyu na aika bayanai, ɗayar kuma TCP. Ka riƙe wannan da kyau, domin da yawa kan buɗe TCP su kwana suna mamakin shiru. A laftof, in kana amfani da ufw, manhajar da ke tsare ƙofofin kwamfuta, ka buga sudo ufw allow 30000/udp. A rauta, ka kafe wa laftof adireshin cikin gida guda wanda ba ya sauyawa, sannan ka tura ƙofar 30000 ta UDP zuwa gare shi. Gwaji kuma daga waje ake yi: wani ya kashe wayfai a wayarsa ya shigo da data, domin rautoci da yawa ba sa barin na cikin gida ya shigo ta adireshin waje.

In ka yi duk wannan ba a shigo ba, duba adireshin da rautarka ta samu daga kamfanin intanet, ka gwada shi da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka. In sun bambanta, musamman in na rautar ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, to kana bayan abin da ake kira CGNAT: kamfanin ya haɗa gidaje masu yawa a adireshi ɗaya, ƙofar waje ba a hannunka take ba. Layukan data na waya galibi haka suke. Ko me ka danna a rautarka ba zai yi aiki ba, kada ka ɓata dare a kai.

Mafita uku ce. Ka nemi kamfanin ya ba ka adireshi naka kai kaɗai, in suna bayarwa. Ko ku haɗa kwamfutocinku da wayoyinku a keɓantacciyar hanya da manhajar Tailscale, kowa ya shigo ta adireshin da ya ba laftof ɗinka. Yana ratsa CGNAT ba tare da buɗe ƙofa ba, kuma baƙo ba ya ma ganin sabar. Sai dai kwamfutocin kamfanin Tailscale ne ke haɗa ku, kuma wanda ke maye gurbinsu a buɗe, Headscale, shi ma yana son adireshin da ake iya samu daga waje. Ta uku, ku yi hayar ƙaramar sabar VPS, wato kwamfutar da kamfani ke ba da haya ta intanet, ku ɗora wasan a can. Ga abokai takwas da suka san juna, ni ta biyu na fi so.

Magana da murya kuwa, manhajar Mumble ta wadatar. Ita ma a buɗe take, ba ta da nauyi, tana zama a laftof ɗin tare da wasan, ƙofarta 64738, TCP da UDP duka. Ban ba ka shawarar ɗora Synapse, sabar hira ta tsarin Matrix, a kanta ba. Shiga manyan ɗakunan hira na wasu sabobi na iya cinye RAM ɗin da wasan ke buƙata.

Idan wasa ya fara sarƙewa, a haƙa bulo ya dawo, a buɗe akwati ya ɗauki daƙiƙu, ka buga /status ka dubi max lag, wato jinkirin sabar. Ƙasa da rabin daƙiƙa ba damuwa. In ya haura daƙiƙa ɗaya ya zauna, yawanci ɗayan biyu ne: mutane sun watsu kowa na buɗe sabuwar ƙasa, sabar na ƙirƙirar taswira a wurare da yawa lokaci guda, ko kuma an tara dabbobi da injuna a wuri ɗaya. Yawancin aikin mod a kan zare ɗaya na furosesa yake gudana, shi ya sa ƙarin RAM ba ya magance wannan. Rage saitin active_block_range a minetest.conf daga 4 zuwa 2 ko 3 yana sauƙaƙawa, haka ma cire mod ɗin da ba a amfani da shi.

Saura abin da ya ƙone ku a baya. Duniyarku duka folda ɗaya ce: map.sqlite na riƙe gine-gine, auth.sqlite na riƙe sunaye da izini, players.sqlite kayan kowa, world.mt kuma saitunan duniyar. Sau ɗaya a mako ka tsayar da sabar da /shutdown, ka kwafe foldar gaba ɗaya, ka sa mata kwanan wata. Kada ka kwafa tana aiki, kwafin na iya fitowa a gurgunce. Tsohuwar laftof tsohon faifai gare ta, kuma faifai ba ya sallama kafin ya mutu, saboda haka kwafin ya bar gidanka: ka ba mutum biyu amintattu daga cikinku, tare da jerin mod da lambar sigar da kuke kai. Ka kula auth.sqlite na ɗauke da bayanan shigar kowa, ba na rabawa barkatai ba ne. A watan farko, ɗayansu ya ɗora kwafin a kwamfutarsa ya shiga ya zagaya, ya tabbatar gidaje da akwatuna suna nan yadda aka bar su.