Ruwan albasa na maganin Afolo?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Afolo ya shigo ƙauyenmu, idanun yarana biyu sun yi jawur, da safe kwantsa ta manne su. Ƙanin maigidana ya ce ya gani a waya cewa masana sun gano sinadari a cikin albasa mai kashe wannan cuta, wai in matse ruwanta in ɗiga musu. In yi?
Daga wata uwa, karkarar Ringim, Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, don girman Allah kada ki ɗiga.

Ƙanin maigidanki bai yi ƙarya ba, rabin labarin ya ji. Afolo, wanda ya fara ɓulla a Gana a 1969, galibi ƙwayoyin bairos 'yan gidan enterobairos ne ke kawo shi, dangin ƙwayar shan inna. Har yau babu maganin da hukumomi suka amince yana kashe su kai tsaye, shi ya sa masana suka koma lalube cikin tsirrai. Sun gwada sinadarin kwasetin, wanda ke cikin albasa da ganyen zogale, da sinadarin kurkumin na cikin kurkum, suka ga suna hana wasu 'yan wannan gida hayayyafa. Amma a ina? A cikin ɗan faranti a ɗakin bincike, da sinadari tatacce, an auna shi daidai. Tsakanin wannan faranti da idon ɗanki akwai tafiyar shekaru: gwaji a kan dabbobi, sannan mutane.

Ba raina saiwa da ganye nake ba. Daga wani nau'in tazargade aka samo maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa kullum, sai dai ta wannan doguwar hanya ya biyo.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yaran da ake kawo mana bayan an zuba musu ruwan albasa, ko na sukari, ko fitsari, fatar ido ta kumbura suntum, ciwon da zai tafi da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu ya zama gyambo.

Ki tafasa ruwa ya huce, ki goge musu da tsumma mai tsabta, kowa da nasa. A wanke hannu da sabulu, a daina karɓa-karɓar kwalli. Albasa da zogale kuwa a zuba a miya. Idan gani ya dusashe, ko zafi ya tsananta, ko ruwan ɗiwa ya fito, ku tafi asibiti a ranar.