Sa alama a hanyar dawaki

Tambaya: Malam, mu samari ne masu dawaki a Maradi, muna son kilisa har tabkin Madarumfa, ya za mu yi wa hanya alama kar na baya su ɓace?

Amsa: Ɗan'uwa, ku samu jan ƙyalle ku ɗaɗɗaura ga reshen aduwa ko gawo daidai idon mahayi, kullum hannun dama, inda za a karya kwana kuma a ɗaura biyu tun daga nesa don doki mai sukuwa ba ya juyawa nan take. Toka a ƙasa kam wahalar banza ce, iskar hunturu za ta binne ta da rairayi. Don Allah banda leda, awaki na haɗiye ta su mutu, abin na ci mini rai wallahi. Ku bi burtali kar ku tattake gonar mutane, in kun dawo ku kwance ƙyallayenku.