Tambayi Mai Zanen Gini: filaza, tsohon masallaci da hanyar keken guragu

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonni sun taru sosai wannan karon, na ɗauki guda huɗu, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗan kasuwa ne ina sayar da atamfa da shadda, Allah ya hore min fili ƙafa 100 sau 100 a bakin titi, ina so in yi filaza, shaguna a ƙasa sito a sama. Birkilan da ya gina min gidana ya ce ba sai na kashe kuɗi wajen mai zane ba, akwai fulan ɗin wata filaza a wayarsa, zai fitar min da shago 40 a ƙasa. Mai zanen da na je wajensa kuma ya ce 28 kawai zai fitar. Dan Allah ina shago 12 suka tafi? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a filin. Shagunanka 12 ba su ɓata ba, suna nan a cikin hanyar da mutane za su bi, da matakala ta biyu, da banɗaki, da inda mota za ta tsaya a sauke dila, da lambatun da ruwan sama zai bi ya fita. Ka koma ka ce ya nuna maka a takarda da yatsa, in mai zanen kirki ne zai nuna maka inda kowane taku ya shiga.

Na san da ciwo, mutum ya sayi fili da tsada a ce masa kusan kashi ɗaya cikin uku ba za a karɓi haya a kansa ba. Amma Alhaji kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin layukan nan da in mai baro ya shigo da kaya sai kowa ya manne da bango, mai saye ya ja rigarsa ya koma baya, mata su tsaya da goyo suna jira a wuce. Ni na taɓa tsayawa a irin wannan layin na buɗe hannuwana biyu, yatsuna suka taɓo ƙofar shagon dama da ta hagu lokaci guda, ga wayoyin wuta a sama sun cuɗe kamar saƙar gizo-gizo, ga janareta a bakin kowace ƙofa da jarkar fetur a gefe. A irin wannan wurin in wuta ta tashi da daddare motar kashe gobara tana zuwa za ta tsaya a bakin titi, don tana buƙatar hanya mai faɗin kusan mita 4 kafin ta shiga. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, mun ga babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina duk a 2021, ga Monday Market ta Maiduguri a 2023, dukiyar da mutane suka yi shekaru suna tarawa ta tafi a dare ɗaya. Ruwa ma haka, ba sai na tuna maka yadda ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya jiƙa dilolin kaya ba, kai abin ya fi shafa.

Sai maganar fulan ɗin da ke cikin waya, wannan ita ta fi tayar min da hankali wallahi. Birkilanka ƙila gwani ne a aikinsa, tunda ya gina maka gida kana ciki lafiya, kuma ni ban raina birkila ba don duk abin da muka zana hannunsu ne ke tayar da shi. Sai dai gida daban, sito daban. Dakin ɗin (wato kankaren bene) gidan zama ana lissafa masa nauyin kusan kilo 150 a kan kowace murabba'in mita, na shago kusan kilo 400, sito kuwa da za a jibge dilolin atamfa har su kusa taɓa silin ya wuce haka nesa. Ƙara da tankin ruwa a sama, lita 1000 tan ɗaya ne cur, mutane kuma sai su ɗora uku ko huɗu bayan an gama gini ba tare da sun tambayi kowa ba. Wancan fulan ɗin an yi shi ne don wani fili mai tasa irin ƙasar, ba ka san ko an lissafa rodinsa don sito ba, ba ka ma san ko an lissafa ba gaba ɗaya. Ƙasar filinka sai an haƙa an gwada a ga ko tsohuwar kududdufi ce da aka cike da shara, irin waɗannan suna da yawa a Kano, a kansu fandisho na gama-gari ba ya riƙe bene.

Abin da nake ba ka shawara, ka riƙe mai zane wanda ke da rajista da hukumar masu zanen gini ta ƙasa, ARCON, shi kuma ya kawo injiniyan da ke da rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya yi lissafin rodi da filoli, a kai zanen hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, a samu izini kafin a sa diga a ƙasa. Birkilan naka ka ba shi aikin ginin, ba wanda ya hana, amma ya bi takarda. In an zuba dakin a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, kar a yi gaggawar ɗora masa kaya. Matakala biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Kowane shago da nasa makashin wuta, babban makashin kuma a waje inda maigadi zai iya kai hannu. Janaretoci a haɗa su ɗaki ɗaya a baya mai iska.

Abu na ƙarshe, in fuskar filin yamma take kallo kar ka yarda a lulluɓe ta da gilashi don an ga haka a Dubai. Daga ƙarfe 2 zuwa 5 a watan Afrilu shagunan gaba ba za su zaunu ba, rana kuma za ta cinye launin kayan da aka rataye. A fitar da baranda mai zurfi, inuwa ce ga mai saye, mai saye kuma inda inuwa take nan yake tsayawa ya yi ciniki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina cikin kwamitin masallacin Juma'a na garinmu. Masallacin na ƙasa ne tun na kakanni, ya yi mana kaɗan kuma bango ɗaya ya fara tsagewa. Matasa sun ce a rushe a yi na bulo mai kubba da tayil, dattawa sun ƙi. Mu ina za mu sa kanmu? Daga wani malamin makaranta a jihar Jigawa.

AMSA: Malam, kafin komai tsagewar nan. A samo wanda ya san ginin ƙasa ya duba ta yanzu kafin damina, a hau sama a ga indararo ko ya toshe, a duba kan azara inda ta shiga bango ko ta ruɓe, in akwai shakka a daina sallah a wannan ɓangaren har a gyara. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana sallar La'asar aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Son kayan tarihi ba zai sa mu bar mutane a ƙarƙashin abin da ba mu tabbatar da shi ba.

To amma rushewa, a nan ina tare da dattawa kuma ba zan ɓoye ba. Wancan na Zariya Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830, da tubali da azarar giginya, ya ɗaura bakan gizo ya buɗe fili mai faɗi babu siminti babu rodi, ɗaliban zanen gini sun daɗe suna zuwa su ɗaga kai suna kallo. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 da ƙasa aka yi ta. Masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar wanda Falke Barmu ya fara a 1962 ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 1986, shi ma ƙasa ce. Wanda ke garinku ƙila bai kai waɗannan suna ba amma hannu iri ɗaya ne, in kuka tura masa katafila ba za ku ƙara samun mai ɗaura muku irin wannan rufin cikin sauƙi ba, maginan da suka iya sun yi ƙaranci.

Akwai hanya ta uku, kuma an yi ta a ƙasar Hausa. A Dandaji cikin Nijar jama'a sun so sabon masallaci babba, sai Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka ce kar a rushe tsohon, aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon a kusa da shi da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka gama a 2018. Yara su fito daga karatu su shiga sallah, mata ma suka samu wurin zama. Ku ma in akwai fili a gefe ku yi haka, tsohon ya zama na khamsu salawati ko makarantar dare, sabon ya ɗauki Juma'a.

Shi sabon kuma ga abin da ake yawan mantawa. Mu alƙiblarmu gabas ce ta ɗan karkata arewa, sahu kuma ana son ya yi tsawo, ke nan dogayen bangayen masallaci ɗaya gabas yake kallo ɗaya yamma, daidai inda rana ta fi duka. In aka yi bulon siminti inci 9 aka rufa kwano aka sa silin a kusa da kai, ranar Juma'a liman na huɗuba mutane na fifita da hula, in an ɗauke wuta kuwa sai dai haƙuri. Je ka dafa bangon yamma na irin wannan masallacin bayan La'asar, ka dawo ka dafa na tsohon naku daga ciki, tafin hannunka zai gaya maka bambancin, bangon ƙasa mai kauri yana riƙe zafin rana sai dare yake sakinsa. Don haka a yi rumfa mai faɗi a yamma a dasa darbejiya, manyan tagogi su kasance kudu da arewa, a ɗaga rufi sama a bar ƙananan kafofi can ƙoli zafi ya riƙa fita. Francis Kéré na Burkina Faso da wannan dabarar ya yi makarantar ƙauyensu Gando a 2001, ya ɗaga kwano sama da rufin ƙasa iska na wucewa a tsakani, shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022. Ƙofofi su yi yawa su riƙa buɗewa waje, wurin alwala da nasa magudanar nesa da gindin bango, kuma tayil mai santsi a wurin alwala a'a, tsofaffi ne ke faɗuwa.

Wajen gyaran tsohon dan Allah kar a shafe shi da filastar siminti. Siminti yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta jiƙe ta baya ba a gani sai wata rana ɓawon ya zubo gaba ɗaya. A yi masa yaɓe irin nasa, a sa makuba.

TAMBAYA: Ina aji 3 na babbar sakandare, ina son karanta zanen gini amma yayana ya ce aikin maza ne. Daga wata ɗaliba a Gombe.

AMSA: Ƙanwata, Mariam ɗin da na ambata a sama da ta yi aikin Dandaji mace ce, 'yar Nijar. Ki dage da lissafi da fiziks, ki sayi littafin zane ki riƙa zana zauren gidanku da rumfunan kasuwa da hannu kullum. ABU Zariya na da tsohon sashe mai suna a wannan fannin, akwai kuma a BUK da ATBU Bauchi. Digirin farko shekara 4 ko 5 gwargwadon jami'a, na biyu kusan shekara 2, sai aiki a ƙarƙashin wani ofishin zane da jarrabawar ƙwararru kafin rajista. Hanyar da tsawo. Ki nuna wa Yaya wannan shafin, ki ce ina gaishe shi, kuma muna matuƙar buƙatar mata a aikin, don sashen mata a asibiti da masallaci da tasha sau da yawa wanda bai taɓa shiga ba ne ke zana shi.

TAMBAYA: Ina amfani da keken guragu tun bayan hatsarin da na yi. An buɗe sabon ɗakin taro a garinmu, an yi gangara a ƙofa amma sai mutum biyu sun turo ni nake iya hawa. Haka ake yi dama? Daga Kaduna.

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya ƙara lafiya, a'a ba haka ake yi ba, kuma saƙonka ya taɓa ni. Ƙa'idar gangara ita ce duk hawan ƙafa 1 a ba shi tsawon ƙafa 12, wato in ƙofar ta ɗaga ƙafa 2 daga ƙasa gangarar sai ta kai ƙafa 24, da ƙarfen riƙewa a gefe biyu, da wuri shimfiɗaɗɗe a sama inda keke zai tsaya a buɗe ƙofa. Abin da aka yi muku na san irinsa, an gama gini ne sannan aka tuna, sai aka kwaɓa siminti aka zuba a kan matakala. Ni ma an taɓa kawo min zane an ce in cire gangarar wai tana ɓata fuskar gini, na ƙi, muka zagayo da ita ta gefe a jikin lambun fure, yau masu keke da tsofaffi masu sanda da masu turo kayan abinci duk ta nan suke bi.

Kana da doka a bayanka. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya an sa mata hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ka samu wani ya auna maka tsayin ƙofar da tsawon gangarar da tef, ku duba faɗin ƙofar banɗaki ma don keke na son kusan santimita 90, a rubuta a takarda da hoto a kai wa masu ɗakin taron ta hannun ƙungiyarku. In ka turo min awon zan zana muku gyaran kyauta ku haɗa da takardar.